Hayaƙin Roba da Sakin Zali

Na san abin da ake faɗa muku idan na juya baya. Ana cewa ni na kwashe asirin yayanku na baza a rana, ni na kore shi daga Ƙonni, ni na sa babanku ya koma ga Allah da baƙin ciki. Na daɗe ina ji ina haɗiyewa, ba don ba ni da baki ba, kun san kuwa ina da shi. Yanzu idona ya fara hazo, hannun da na koyi rubutu da shi a karatun manya ya fara rawa, saboda haka zan rubuta muku yadda aka yi kafin su ƙi ni gaba ɗaya. Ba gafarar kowa nake nema ba. Wanda ya karanta ya ji haushi, to ya ji, ni ma da haushin nake rubutawa.

Yayanku ɗan farina ne, kun kuwa san abin da wannan yake nufi a wurinmu. Tun da na haife shi a ɗakin uwata a Dogarawa ban taɓa kama sunansa ba. Ban ɗauke shi a gaban mutane ba, ban yi masa wasa ba. Da ya girma, in ya shigo gida sai in sami abin kallo a bango. In zan ba shi tuwo sai in ce da ɗayanku, ku gaya wa wancan abincinsa na nan. Mata suna yabona a kan haka, suna cewa kunyata ta kai kunya, ni kuma ina jin daɗi kamar wadda aka ba kujerar Makka. Babanku ma haka yake da shi, gaisuwa daga nesa, magana ta bakin wani.

Sana'arsa likin roba ce a bakin tasha. Ƙananan cikinku ba ku gan shi a bakin aiki ba, to hannu ne da shi. Jarkar masu ga-ruwa ta tsage, bokiti ya fashe, buta ta huje, takalmin roba ya tsinke, duk wurinsa ake kawowa. Yana da murhun gawayi da ƙarafa masu faɗin baki. Ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya yanko guntun tsohuwar roba ya ɗora a kan tsagar, ya danna, hayaƙi ya taso baƙi ƙirin ya shige masa hanci da ido. Haka tun safe har rana ta faɗi, tun yana saurayi. Warin nan ya kama jikinsa har ba ya fita da sabulu, kafin ya yi sallama na san shi ne. Kokonsa na safe a leda ake ƙulla masa da zafinsa, ya ciji gefe ya tsotsa. Na rana shinkafa da wake da mai, ita ma a leda, ya ajiye gefen murhu don kada ta huce. Ba shi kaɗai ba, duk haka muke. Ni kaina a leda nake dafa alale, da leda nake rufe bakin madambaci, ina ganin ai ci gaba ne ya zo mana.

Matarsa ta farko ta zauna shiru babu ko ɓatan wata, aka ce juya ce, ya sake ta. Wani direba ya aure ta a Malbaza, kafin a gama tsegumin sakin nata ta yi goyo. Ta biyu ma haka aka yi da ita, ta tafi Badagishiri ta zuba tagwaye. Kowa a gidan nan yana da ido, amma kowa ya rufe nasa. Gwaggo Tamo, yayar babanku da ta dawo gidanmu da zama bayan mijinta ya rasu, ita ke yanke hukunci a tsakar gida, ita kuwa cewa ta yi jininsu ne bai haɗu ba. Sai aka kawo Zali daga Bazaga, ɗiyar wani manomi, Malam Nomau. Yarinya ce mai dariya, in tana daka har da waƙa, ta zo da akuyarta guda ta ɗaure a bayan ɗaki. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Da shekaru suka tura babu labari, Gwaggo ta ɗora tukunya. Sassaƙe, saiwa, jiƙo mai ɗaci kamar maɗaci, tsuguno a kan hayaƙin garwashi har cinyoyinta suka sale. Yarinyar nan ta rame, ta daina waƙa, in ta sha jiƙon ta zaga bayan ɗaki ta yi ta amai. An kai ta likita aka duba, aka ce lafiyarta lau. Gwaggo ta ce likita me ta sani. Ina gani, ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, amma ni uwar miji ce kuma uwar ɗan fari, ba ni da bakin magana a kan ɗakinsa.

A cikin bazarar shekarar da nake ba ku labari ƴar'uwarku Balkisa ta zo hutu daga Yamai, inda take karatun haɗa magunguna. Wata safiya ta fito ta same ni ina zuba kunu mai tururi a leda za a kai wa yayanku. Ta riƙe mini hannu.

"Inna, don Allah bar zuba mai zahi cikin abin ga."

"To, an hwara. Kin tahi Yamai kin dawo, yau ledar ma ta zama haram?"

"Ba haram ba ta. Akwai magungunan da aka zubawa cikin roba in ana yin ta, wasu don ta yi laushi, wasu don ta yi ƙarhi. In ta ji zahi ko mai, suna hita su shiga abinci. Masu bincike sun ba kusa, ɓeraye ke nan, irin su cikin labo, ɗakin gwajinsu, sun ga mazan irin haihuwarsu ya ragu, wanda ya saura kuma ba shi da kuzari."

Na yi dariya har na ajiye ludayi. Na ce kusu dai, kusun da muke bi da muciya? Mu muna neman abin da zai hana su haihuwa su bar mana rumbu, wasu suna can suna kukan sun daina? Na ce lalle Turawa ba su da aikin yi. Balkisa ba ta yi dariya ba. Ta dubi ɗakin Zali, ta rage murya.

"Kusu ba mutum ba na, Inna, kuma ban ce abin da ya samu Yaya ke nan ba. Masu binciken ma ba su gama sani ba game da mutane. Amma mutumin da ka wuni cikin hayaƙin roba tun shina yaro, mata ukku babu ko ɗaya, ya kamata a auna shi. Awon namiji ya hi na mace sauƙi nesa ba kusa ba."

"Ana auna namiji?"

"Ana aunawa mana."

Nan dariyata ta ƙare. Na haifi ƴaƴa, na aurar, na yi wa mata da yawa rakiya wurin masu magani, amma ban taɓa jin an ce namiji ya zo a duba shi ba. Na tuna cinyoyin Zali. Na tuna matan nan biyu da suka fita gidan nan da kansu a ƙasa, ni ma ina cikin masu cewa Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Wani abu ya taso mini daga ciki, tun ranar bai kwanta ba. Na ji haushin masu yin robar da suka san abin da suke zubawa ciki suka aiko mana ba ko gargaɗi. Na ji haushin mazan garin nan kaf. Na juye kunun a kwanon sha na rufe da faifai, na ce haka za a kai masa.

Bayan la'asar na sami babanku a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida na faɗa masa, a hankali, da ladabi, yadda aka koya mini. Ban kai ƙarshe ba Gwaggo Tamo ta fito daga ɗaki, ashe kunnenta yana jikin labule.

"Lalle duniya ta zo ƙarshe! Ɗan gidan ga za ki haɗa da kusu? Namiji da gemunai, wanda ka tashi da asuba shi yi wanka? A zuriyarmu ba a taɓa yin wanda bai haihu ba. Ɗiyakku ta tahi lakwal, makarantar boko, ta koyo rashin kunya, ke kuma kin ɗauka."

Na ce ban zo gardama ba, a bar ni kawai in yi magana da shi, ni da shi. Babanku ya dube ni kamar na tuɓe a gabansa.

"Ke da ɗan hwari? A kan wagga magana? Mutuncin da kinka tara shekara da shekaru za ki zubda rana guda? Ban yarda ba. Ni ma ba ni iyawa."

"To wa za shi hwaɗa mai?"

Ya ja carbinsa, sannan ya ce ya samo dabara. A kira Sha'ibu, ɗan Gwaggo Tamo, taubashin yayanku. Bakin taubashi ba shi da linzami, abin da ya faɗa ba a riƙe shi da shi. Ya jefa masa maganar cikin wasa. In ya ɗauka, shi ke nan, in bai ɗauka ba, ai wasa ne, ba wanda ya ji kunya. Gwaggo ma ta yarda, don ta tabbata dariya za a yi a wuce wurin. Na ce Malam, wannan ba maganar wasa ba ce, kuma ka san Sha'ibu. Ya ce mata ba su san yadda maza suke magana ba. Ku riƙe wannan da kyau, ku da ake gaya wa ni na kai magana tasha. Ni cewa na yi a bar ni in faɗa masa a ɗaki.

Sha'ibu ɗan kabu-kabu ne, bakinsa ya fi mashin ɗinsa ƙara. Abin da babanku ya manta, ko ya yi kamar ya manta, shi ne wasan taubashi ba ya daɗi sai da masu dariya. Ba wanda ya taɓa jan taubashinsa gefe ya tsokane shi a asirce. Sha'ibu ya bari sai da fadar masu shayi ta cika a gefen rumfar liki, direbobi da kamasho da masu ga-ruwa duk suna zaune, sannan ya faka mashin ya ɗaga murya. Matar maƙwabcinmu ce ta kawo mini maganar kamar yadda mijinta ya ji ta.

"Kai bawana! An ce kusan Turawa sun sha roba sun bar haihuwa. Kai da ka shaƙa tun kana da wando guda, hau in kai ka labo a auna ka, kyauta, ubangidanka ya yahe kuɗin mai!"

Tasha ta ɗauka da dariya. Shi kuwa al'ada ba ta ba shi damar fushi da taubashi ba, sai ya yi dariya tare da su, ƙarfe a hannu, yana ramawa da abin da ya samu. Kafin sati ya zagayo sunan ya bi shi, Kusun Labo. Masu kawo jarka suna faɗa, masu tallan goro suna faɗa. Ranar da Sha'ibu ya yi wannan, yayanku ya shigo gida da idanu jajaye, ya wuce ɗakin Zali, na ji abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba, yana ɗaga mata murya wai ita ta kai ƙararsa wurin mutane. Ita da ba ta ma san an yi ba. Gwaggo Tamo, wadda ɗanta ya yi ɓarnar da yardarta, ta zauna tsakar gida tana tafa hannu tana cewa juya ta rasa abin yi ta ɓata wa miji suna, a sallame ta tun ba ta kashe shi ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Babanku ya shige ɗaki ya kunna rediyo.

Washegari da hantsi na yafa mayafi na fita ban gaya wa kowa ba. Ban taɓa zuwa rumfarsa ba sai ranar. Na same shi a sunkuye kan wani bokiti, hayaƙi ya rufe masa fuska, yana tari. Na tsaya a kansa. Bakina ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa, amma na buɗe shi.

"Isuhu."

Ƙarfen ya faɗi daga hannunsa. Ya ɗago ya dube ni, ya duba bayansa ko wani ake kira. Namiji mai furfura a gemu, sai ga shi ya miƙe tsaye. Na ce ya biyo ni bayan rumfa inda ba kowa.

"Zali ba ta kai ƙararka wurin kowa ba. Maganar daga bakina ta hito, babanka ya ba Sha'ibu. Yadda anka yi ta bai yi mini daɗi ba, amma maganar tana nan. Ka tahi a auna ka."

"Inna, har ke?"

"Har ni. Mata biyu sun hita gidanmu da sunan da ba nasu ba. Ta ukku tana aman jini bayan ɗaki. In lahiyarka lau, in dawo in roƙe ka gahwara gaban kowa. In ba lau ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya sunkuyar da kai. Na juyo gida. A hanya na yi kuka, don tun da na haife shi ban taɓa kallon fuskarsa sosai haka ba, ashe idanun babana ne da shi.

Bayan ƴan kwanaki ya ce zai tsallaka Sakkwato sayen kayan aiki, ashe asibiti ya tafi. Da ya dawo ya shigo ɗakina da rana tsaka, lokacin da gida ya yi barcin zafi, ya zauna bakin ƙofa ya ba ni baya.

"Lokotoro ya ce iri kaɗan na, kuma ba su da ƙarhi. Na tambaye shi ko robar ta. Yac ce ba ya iya rantsuwa, abubuwa da yawa ka kawo haka, amma in bar hayaƙin ga. Ya ba ni magani. Yac ce ana dacewa, ana rashin dacewa."

Na so a ce ni ce na yi ƙarya. Wallahi na so in durƙusa gaban Gwaggo Tamo ta taka ni son ranta, in dai ɗana lafiya yake. Ya roƙe ni kada kowa ya ji. Na ce daga bakina ba mai ji, amma matarka tana da hakki. Ya gaya mata, wannan kam ya yi, kada wani ya ce muku bai yi ba. Da yamma Zali ta zo ta tsuguna kusa da ni ina tsince wake, ta sa hannu tana taya ni. Na yi zaton za ta ce a kai ta gida.

"Inna, ni ina zama. Mutumin kirki na, bai taɓa bari na da yunwa ba. Ɗiyan ƴan'uwa sun cika gari, mu ɗauko mu riƙa. Abu biyu nika so. A sauke tukunyar Gwaggo, kuma shi hwaɗa ma Baba da Gwaggo da bakinai, a bar ce mini juya. Ba sai gari ya ji ba. Gidan ga kaɗai."

Ku ji abin da yarinyar nan ta nema, ku auna shi da abin da aka yi mata. Isuhu ya gaya wa babanku, ta bayan ƙyaure, kamar yadda suka saba. Na yi tsammanin an gama. Ashe babanku ya kwana yana lissafi irin nasa. Ya kira ni da safe ya ce ya yanke shawara. In Zali ta zauna, gari zai ci gaba da ƙirga shekaru yana tuna maganar Sha'ibu. Gara a sake ta yanzu a ce ita ma ba ta haihuwa, shi kuma ya tsallaka Najeriya neman kuɗi har magana ta mutu. Gwaggo ma ba sai an gaya mata gaskiya ba.

"Malam, ka san gaskiya, da kunnenka ka ji. Ka ɗora ma ɗiyar mutane?"

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas. Ita mace ta, ta samu wani mijin."

"Da wane suna? Wa ka auren juya a ƙauye, sai tsohon da ka neman mai dahwa mai hura?"

"Na gama magana."

Na je wurin Isuhu na roƙe shi. Na ce matarka ta yarda da kai yadda kake, ka san mata nawa za su yi haka? Ya yi kuka, ya ce ba zai iya fita tasha ba, ba zai iya tsallake maganar Baba ba. Ina son ɗana, amma a nan ya yi ragwanci, kuma zan rubuta shi ragwanci. Ya furta saki a zaure gaban shaidu, ya ɗauki jaka ya bi motar iyaka, bai ko shiga ya dubi idonta ba. Gwaggo Tamo ta zubar da sauran jiƙon tana cewa an yi asarar itace.

An shirya wata tsohuwa maƙwabciya ta raka Zali. Da motar Bazaga ta tsaya ƙofar gida aka ɗora akwatinta da kwanoninta, na fito da mayafina na kwance akuyarta da ƴaƴan da akuyar ta haifa a gidanmu na ja su. Babanku yana tsaye bakin zaure.

"Ina za ki?"

"Da hannuna na karɓe ta, da hannuna za ni maida ta."

"Uwar miji ba ta rakiyar sakakka. In kinka shiga motar ga, kin san abin da kinka yi."

Na shiga. Allah shi ne shaidata, rakiya kawai na yi niyya, alkawarin da na yi wa Isuhu yana wuyana. Ruwan farko ya sauka, gero ya fara tsiro a gonaki, mutane suna ta noman farko, mota tana tsalle a cikin ramuka. Zali ta riƙe gefen mayafina har muka isa.

Malam Nomau ya taso daga gona da laka a ƙafa. Tsoho ne siriri. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ƙannensa biyu suka zauna, matan gida suka taru bayan zana ina jin numfashinsu. Saƙon Gwaggo ya riga mu isowa ta waya. Tsohon nan ya sunkuyar da kai a gabana, ni da ya kamata in sunkuyar da nawa.

"Hajiya, ku yi haƙuri. Kun riƙe ta da mutunci, kun yi ɗawainiyar magani. Mu munka ba ku abin da bai yi amhwani ba. Ba mu sani ba, da ba mu cuce ku ba. Uwatta ta samo wani mai magani can wajen Fulani, tun jiya tukunya tana bisa wuta. In Allah ya sa an dace, ko wani dattijo ya rufa mata asiri."

Sai na ji warin. Warin sassaƙen nan da na sani, yana tasowa daga cikin gida. Na dubi Zali a rakuɓe jikin bango, ta rufe baki da hannu. Ta san gaskiya, kalma guda za ta faɗa ta wanke kanta, amma ta yi shiru tana rufa wa wanda ya sake ta asiri. Na ga za a sake dafa yarinyar nan daga farko, a gidan ubanta, da hannun uwarta, kuma ubanta yana ba mu haƙuri. Na tuna alkawarina. Na auna shi, na ga alkawarin rufe ciwo na yi, ban yi alkawarin taya zalunci ba. Na ɗaga murya yadda na bayan zana za su ji.

"Malam Nomau, ɗaga kanka. Ɗiyarka lahiyatta lau, likita ta duba ta. Ɗana na ba ya haihuwa. An auna shi, ya sani, ubanai ya sani, ni na sani. Mu munka cuce ku. A sauke tukunyar can."

Can na ji wata mata ta fashe da kuka a bayan zana, sai kuma ƙarar ruwa ana juye shi a ƙasa. Tsohon ya daɗe yana dubana, sannan ya ce Allah ya saka mini. Ban ji daɗin addu'ar ba. Na san abin da na sayar na saye ta.

Labari ya riga ni komawa Ƙonni. Babanku bai sake ni ba, amma bai ƙara cin tuwon da na tuƙa ba har ya bar duniya, ƙannenku mata suka riƙa yi masa girki. Gwaggo Tamo ta mutu tana cewa na yi wa ɗana baki. Zali ta yi aure bayan kaka da wani mai lambu, saurayi ba dattijo ba. Tana da ƴaƴa, amma ba zan jera muku su kamar hujja ba, don ko ba ta samu ko ɗaya ba abin da na faɗa gaskiya ne. Kuna tambayata ko robar ce ta yi wa yayanku haka. Ban sani ba. Balkisa ta ce har yanzu ana bincike, abin da aka gani a jikin kusa ba a gama tabbatar da shi a jikin mutane ba. Na dai hana zuba mai zafi a leda a gidana, wanda ya ga tsufa ne ya sa ni fitina, ya je gidansa ya tsotsa.

Isuhu yana can kudu, an ce gadin wani shago yake yi, bai ƙara aure ba. Duk salla yana kiran Balkisa. Takan buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tabarma kamar ba da gangan ba, ni kuma in zauna kusa ina gyaran abin da bai lalace ba. Sau ɗaya ta miƙo mini, ya ji numfashina ya kashe, na hana ta sakewa. Yakan tambayi ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ruwan bana, ya tambayi wanda ya rasu a unguwa. In zai ajiye sai ya ce a gaida kowa da kowa. Ina cikin kowa. Da wannan gaisuwar nake kai wata sallar, tana yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Amma in motar Bazaga ta sake tsayawa ƙofar gidan nan gobe, ku miƙo mini mayafina.